Daga Hannu zuwa Hannu: Tarihin Littattafan da Marubutan Hausa Suka Buga da Kansu

Ɗab'in kai da kai shi ne marubuci ya rubuta abinsa, ya nemo kuɗin takarda da tawada, ya kai maɗaba'a ko ya gurza a inji, sannan ya ɗauki kwafin ya rarraba ba tare da wani kamfani ya duba ya sa albarka ba. A ƙasar Hausa, wannan hanya ce ta haifar da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, ko littattafan soyayya, waɗanda suka cika kasuwanni daga tsakiyar shekarun 1980. Ba Kano kaɗai ta san irin wannan ba. Duk inda ƙofar kamfanonin ɗab'i ta ƙuntata, ko hukuma ta tsare ta, masu abin faɗa sukan buɗe tasu.

A Amurka, masu sha'awar labaran ƙirƙira na kimiyya ne suka fara buga ƙananan mujallu na kansu. Ana yawan ambaton The Comet, wadda ta fito a Chicago a 1930, a matsayin ta farko, kuma a 1940 aka laƙaba wa irinsu suna fanzin, wanda daga baya aka gajarta zuwa zin. A 1976 wani matashi a Landan, Mark Perry, ya fitar da Sniffin' Glue da keken rubutu da alƙalami da injin fotokwafi, domin masu son kiɗan punk. A Tarayyar Sobiyat kuwa abin ya fi haɗari. Can ana kiransa samizdat: mutum ya buga rubutun da gwamnati ta haramta a keken rubutu, da takardar kabon a tsakani don ya sami kwafi huɗu ko biyar, ya miƙa wa wanda ya amince da shi, shi ma ya sake bugawa. An ɗaure mutane da yawa a kan haka. A nan Nijeriya, kasuwar Onica ta yi tashen ƙananan littattafai na Turanci tun daga ƙarshen shekarun 1940, irin su Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali na 1956, har Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya harkar.

Na Hausa yana da kama da waɗannan, amma tushensa daban ne, kuma tushen ya girme su duka.

Kafin injin ɗab'i

Tun kafin Turawa su zo, littafi a ƙasar Hausa da hannu yake yaɗuwa. Almajiri ya ari littafi daga malaminsa, ya feƙe alƙalamin kara, ya dama tawada, ya kwafe shi ganye-ganye, ya mayar da na aro ya riƙe nasa a gafaka. Haka waƙoƙin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahi Gwandu suka kai garuruwan da marubutansu ba su taɓa takawa ba. Nana Asma'u ta ƙara wa tsarin wani mataki: jagororin 'yan tarunta, waɗanda ake kira jaji, suna ɗaukar waƙoƙin ajami zuwa ƙauyuka su koyar da mata a cikin gidaje. Babu kamfani a tsakani, babu mai tacewa sai ilimin mai kwafa da amanarsa.

Da maɗaba'u masu zaman kansu suka yawaita a Kano a tsakiyar ƙarni na 20, wannan al'ada ba ta mutu ba, sai ta hau inji. Mai kyakkyawan hannu zai rubuta littafi da rubutun da almajirai suka saba da shi, a ɗauki hoton shafukan, a buga dubbai a takarda mai araha. Ƙawa'idi da Ahalari da Ishiriniya da waƙoƙin wa'azi da na madahu duk ta haka suka cika rumfunan kasuwar Kurmi, kuma daga can 'yan koli suka kai su kasuwannin ƙauye da ƙofar masallatan Juma'a. Sau da yawa wani ɗan kasuwa ne ke ɗaukar nauyin bugun, a rubuta sunansa a ƙarshe tare da roƙon addu'a. Mawaƙan siyasa na zamanin jam'iyyun NEPU da NPC su ma sun bi wannan hanya a shekarun 1950, suna buga waƙa a 'yan shafuka a raba wa magoya baya, wasu kuma a haddace su a rera a wurin taro. Daga baya ƙungiyoyin mawaƙa irin su Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu suka ci gaba da haɗa kan marubuta ba tare da jiran gwamnati ba.

Ƙofar hukuma

Labarin ƙirƙira na boko, shi kuwa, ta ofis ya shigo. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasa a 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Waɗannan hukumomi sun yi aiki mai inganci, kuma su ne suka daidaita rubutun boko. Sai dai makaranta ce babbar kasuwarsu. Littafin da ba zai shiga manhaja ba da wuya ya ga haske, kuma shekaru sukan wuce ba a fitar da sabon labari ko da biyar ba.

Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta nuna inda iska ta dosa. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Biyu daga ciki labaran soyayya ne na zamani, kuma ɗaya mace ce ta rubuta. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta biyo baya da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Matasa sun karanta, sun ga cewa ana iya rubuta rayuwarsu da Hausa.

Abubuwa biyu suka haɗu a daidai wannan lokaci. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya sa yara masu ɗimbin yawa a aji, har da 'yan mata da 'yan ƙauye, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun zama samari da 'yan mata masu iya karanta Hausa, ko da Turancinsu bai nuna ba. A gefe guda kuma tattalin arziki ya durƙushe. Shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye zuwa littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. Masu karatu sun ƙaru a daidai lokacin da masu buga musu littafi suka ragu.

Yadda aka yi littafin

Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, shi ake yawan ƙirgawa a farkon wannan sabon yayi. Soyayya Gamon Jini na Ibrahim Hamza Abdullahi da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu suna cikin na sahun gaba. A 1990 Balaraba ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo a farkon shekarun 1990 ya yi kasuwar da ba a taɓa ganin irinta ba, aka yi ta sake buga shi.

Hanyar aikin kusan iri ɗaya ce ga kowa. Marubuci yakan fara da biro a littafin rubutu na 'yan makaranta, kuma sau da yawa wannan kwafin hannun yakan zaga tsakanin abokai ko 'yan aji kafin a yi maganar bugawa. Ra'ayinsu shi ne gyaran farko, wani lokaci ma shi ne na ƙarshe. Daga nan a kai wa mai keken rubutu, ko shagon kwamfuta bayan da suka yaɗu a shekarun 1990. Sai maɗaba'a: takarda irin ta jarida, shafukan da ba su cika kaiwa ɗari ba, a ninke a maƙale da waya a tsakiya. Bangon farko-farko zane ne na hannu da launi ɗaya ko biyu. Daga baya hotunan 'yan fim suka maye gurbinsa.

Kuɗin bugun daga aljihun marubuci yake fitowa, ko daga miji, ko ɗan'uwa, ko adashi. Wannan ne ya sa ake raba labari kashi-kashi. Na ɗaya zai tsaya a daidai inda hankalin mai karatu ya tashi, cinikinsa ya biya kuɗin na biyu, na biyu ya biya na uku. Talauci ne ya kawo tsarin, amma ya zama salon rubutu: marubutan sun ƙware wajen sanin inda za su yanke zance.

Abin da ya fi kusanta waɗannan littattafai da fanzin na ƙasashen waje yana cikin shafukan farko da na ƙarshe. A nan marubuci ke sa hotonsa da adireshinsa, daga baya har da lambar waya. A nan ake jera godiya da sadaukarwa da gaisuwa ga masoya gari-gari, a buga wasiƙun masu karatu, a sanar da littafin da ke tafe, a lissafa shagunan da za a same shi a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Gusau. Mai karatu yana iya rubuto ƙorafi kan yadda aka yi wa wata tauraruwa a kashi na ɗaya, marubuci ya amsa masa a na biyu. Littafin NNPC bai taɓa yin wannan hira da mai karatunsa ba.

Marubutan sun kuma kafa ƙungiyoyi don su tsaya wa juna. Raina Kama ce ta fi shahara, da su Ado Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat. Akwai Kukan Kurciya, akwai Jigon Hausa. Ƙungiya takan sa tambarinta a bango, ta jera littattafan 'ya'yanta a ciki, ta yadda kowane littafi ya zama talla ga sauran. Sabon marubuci yana samun wanda zai duba masa rubutu, ya nuna masa maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba, ya gabatar da shi ga 'yan kasuwa.

Hanyar da littafi ke bi

Bugawa rabin aiki ne. Ƙarfin wannan adabi yana wajen rarrabawa, kuma a nan ne tsohuwar al'adar aro ta sake bayyana. Dillalan littattafai na kasuwar Sabon Gari da Kurmi su ne cibiya. Daga wurinsu ƙananan 'yan kasuwa ke sara su bi manyan hanyoyi. Ta yamma, hanyar Kano zuwa Gwarzo ta ratsa Rimin Gado da yankin Kabo, kuma littafi yakan bi ta cikin kayan ɗan koli, tare da allura da turare da Ƙawa'idi, ya sauka a kasuwar Garo ko ta Getso ko tashar Gwarzo. Daga kasuwa sai ya shiga ƙauyuka irin su Masanawa a hannun ɗalibar da ta dawo hutu, ko amaryar da aka kawo daga birni da littattafanta a cikin akwati, ko yaron da aka aika cefane aka ce ya duba ko na uku ya fito.

Kwafi ɗaya ba mutum ɗaya yake yi wa aiki ba. Yakan zaga gida, ya tsallaka katanga zuwa maƙwabta, ya dawo bango ya yage an ɗinke shi da zare. Akwai masu ba da haya, a biya ɗan abin da bai kai kuɗin saye ba a karanta a mayar. Makarantun kwana na 'yan mata sun zama manyan wuraren musaya, duk da cewa hukumomin makarantu suna ƙwacewa. Wadda ba ta iya karatu ba takan zauna a karanta mata, kuma gidajen rediyo da suka riƙa karanta littattafan a shirye-shiryensu sun faɗaɗa wannan da'ira har zuwa Maraɗi da Damagaram. Saboda haka yawan kwafin da aka buga ba ya nuna yawan waɗanda labarin ya isa gare su.

Mata ne suka fi cin moriyar wannan tsari, a matsayin masu karatu da masu rubutu. Matar aure da ke cikin kulle tana iya rubuta littafi a ɗakinta, ƙaninta ya kai shagon kwamfuta, dillali ya karɓa, sunanta ya kai Sakkwato ba ta fita ƙofar gida ba. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta yi suna da Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni. Zuwa shekarun 2000 mata sun rinjayi maza a fagen. Abubuwan da suka rubuta a kai su ne auren dole, da kishi, da saki, da zawarci, da karatun 'ya mace, da halin da uwa ke shiga idan miji ya juya baya. Sunan soyayya da aka ba littattafan ya rufe wannan faɗin, domin akwai na jarumtaka da aljanu irin na Ɗan'azumi Baba, akwai na 'yan fashi da bincike irin na Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih.

Muhawara da takunkumi

Masana ba su karɓi abin hannu biyu ba. Ibrahim Malumfashi ne ya yaɗa sunan adabin kasuwar Kano a farkon shekarun 1990, yana kwatanta shi da na Onica, yana ganin yayi ne da zai wuce. Muhawarar ta ɗauki shekaru a jaridar Nasiha da New Nigerian da wasu mujallu, inda Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da marubutan kansu suka shiga. Sukar tana da ƙamshin gaskiya ta wasu fuskoki. Ƙa'idojin rubutu sun sha wahala, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an bar ƙugiyoyin haruffa, kuma wasu labaran an ɗebo su ne daga finafinan Indiya, batun da Brian Larkin ya yi nazari a kai a 1997. Masu kare su sun amsa da cewa waɗannan littattafai sun koya wa dubban mata karatu fiye da yadda azuzuwan yaƙi da jahilci suka yi, kuma sun taɓo matsalolin da littattafan manhaja suka kauce wa. Wannan hujja ta fi nauyi. Kuskuren rubutu edita ke gyara shi, kuma rashin edita laifin kamfanonin da suka bar fagen ne kafin ya zama na yarinyar da ta gama sakandare ta ɗauki biro.

Suka ta biyu ta tarbiyya ce, kuma ita ce ta jawo hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2007, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona littattafan da aka karɓe daga ɗalibai mata, aka ba su wasu a madadi. A wannan shekarar Abubakar Rabo Abdulkarim ya zama shugaban hukumar tacewa, ya nemi marubuta su yi rajista, su riƙa kawo rubutunsu a duba kafin bugawa. Ƙungiyoyin marubuta, har da reshen ANA na Kano, sun ja da wannan, aka yi ta zama da musayar kalamai. Sakamakon shi ne littafin da aka fara don babu mai tsaron ƙofa ya koma yana ɗauke da shaidar tacewa.

Akwai kuma rauni daga cikin gida. Da harkar ta yi kuɗi, dillalai suka fara sayen rubutu kai tsaye, su biya marubuci sau ɗaya su buga yadda suke so. Wanda ya ƙi sayarwa yakan ba da kaya bashi ya yi ta zarya kafin a biya shi. A nan ne adabin Kano ya bambanta sosai da fanzin na Turai da Amurka, wanda masu yinsa ke alfahari da cewa ba riba suke nema ba. Marubucin Kano bai taɓa ƙyamar kasuwa ba, ita ce ma ta ba shi 'yanci daga kamfani. Amma ita ɗin ce daga baya ta riƙa gaya masa irin labarin da zai rubuta da yawan shafukan da zai yi.

Fim, mujallu da waya

Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sun ɗebi marubuta da yawa. An mayar da In Da So Da Ƙauna da Ki Yarda Da Ni da Alhaki Kuykuyo Ne finafinai, kuma wasu marubutan suka zama furodusoshi. Harkar fim ta haifar da nata ƙananan mujallu, waɗanda su ne mafi kama da fanzin a zahiri, domin masoya ne ke yi wa masoya. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fito a 1998, kuma a cikinta aka fara amfani da sunan Kannywood. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo baya a 1999, ta kuma daɗe fiye da sauran.

Wayar hannu ce ta yi wa littafin takarda babbar illa. Daga shekarun 2010 marubuta, musamman sababbin mata, suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad. Tsarin bai sauya sosai ba: ana sakin labari shafi-shafi, na farkon kyauta, a tsaya inda ya yi daɗi, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa shi a zaure na musamman. Masu karatu suna mayar da martani a take, ƙungiyoyin marubuta sun koma zauruka, masu karanta littattafai da murya sun koma YouTube. Satar fasaha ta ƙaru, domin wanda ya biya yana iya tura wa ɗari da ba su biya ba, kuma ƙorafin batsa ya dawo da ƙarfi tunda hukumar tacewa ba ta da iko a kan abin da ba ya bi ta maɗaba'a. A ɗaya gefen, wasu ƙofofi sun buɗe: an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi a 2012, kuma BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016.

Matsalar da ta rage ita ce adanawa. Takardar jarida ba ta jure damina da gara, yawancin littattafan ba su da lambar rajista ta duniya, da yawa ma ba su ɗauke da shekarar bugu. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin ɗaruruwan littattafan da suka fito tsakanin 1987 da 2002, kuma tarin Furniss yana makarantar SOAS a Landan. Abdalla Uba Adamu da wasu malaman Jami'ar Bayero sun tara nasu, ɗalibai kuma suna rubuta kundaye a kai a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina. Sauran kwafin suna warwatse a hannun marubutan, da tsofaffin dillalai, da akwatunan matan da suka saye su a lokacin. Na intanet sun fi shiga haɗari, domin zauren WhatsApp da aka rufe ko wayar da ta lalace takan tafi da littafi gaba ɗaya, kuma dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye ayyukansu, ya daina aiki a 2023.